Jakin da ya daina firgita

Ina zaune wurin abokina malamin dabbobi a Safana, sai ga wani dattijo daga Runka janye da jaki.

Ya ce, "Likita, da can ko daga nesa ya ji baburan 'yan bindiga sai ya kama kuka, mu kwashi yara mu gudu. Yanzu ko kunne ba ya ɗagawa."

Abokina ya ce, "Baba, idan dabba ta tsorata, ƙwaƙwalwa ce ke sa jininta ya hau. Tasa ta saba, ta daina wahalar da kanta."

"Wato yana ji, yana cin abincinsa?"

"Ƙwarai."

"Ashe hukuma nake kiwo."

Ku a garinku, wa ya rage da jininsa ke hawa dominku?