Malam Gaiya Mai Rukuni

Shekara goma sha ɗaya Malam Gaiya ya yi yana koyarwa a wata firamare a Kpakungu, kuma Malama Azumi, wadda bango ɗaya ya raba ajinta da nasa, ba ta taɓa ganin alli ya ɓata masa riga ba.

A 2006 aka tura shi bitar kwana uku a Bosso kan yadda ake koya wa yara aiki tare. Ya dawo da takardar shaida da wata irin tafiya ta ƙasaita. Ranar Litinin ya sa yara saba'in suka juya bencina, ya kasa su bakwai-bakwai, ya ce, “Ku tattauna.” Bai faɗa musu abin da za su tattauna ba. Ya ja kujerarsa zuwa gindin mangwaro, ya shiga ɓarar gyaɗa.

Kafin tara ta yi, an fasa wa wata yarinya leɓe a kan fensir. Azumi ta fito ta same shi.

“Malam, hayaniyar ajinka ta hana mu karatu.”

“Ba hayaniya ba ce, Malama, haɗin kai ne. Ai ke ba ki je bita ba.”

Ta dube shi, mutumin da ko taburma ba ya kama wa malamai ranar taron iyaye, ta juya ta koma ajinta.

Da ya ji masu duba makarantu za su zo, sai ya kwana biyu yana koya wa yaran gyaɗa kai da ɗaga hannu tare. Baƙin suka leƙa minti biyar, suka yaba, har da tafi.

Shekarar da ta biyo baya ajin ya dawo hannun Azumi. Rabinsu ba su iya rubuta sunansu ba. Ba ta rushe rukunonin ba. Ta dai riƙa zama cikinsu, tana ba kowa aikinsa: wannan ya karanta, wannan ya rubuta, waccan ta duba kuskure. Sai da zango biyu suka wuce kafin su daina faɗa.

Shi kuwa a 2012 aka ɗaga shi zuwa ofis, wai ƙwararre. Ranar sallama hedimasta ya ce kowa ya faɗi alherinsa. Da aka zo kan Azumi, ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, “Allah ya kiyaye hanya,” ta zauna.