Matata Ce Ta Kai Ni Ingila

Matata ce ta kai ni Ingila. Na fi son in faɗa da bakina tun farko, domin a Bauchi an daɗe ana jifana da maganar a matsayin gori.

Nas ce, ta shekara goma sha ɗaya tana aikin asibiti kafin tunanin fita waje ya zo mata. Ni kuma ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a jami'ar da ke Gubi, kullum in hau bas daga Fadaman Mada da safe, in dawo bayan la'asar. 'Ya'yanmu biyu, duka mata. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar Turancin da ake nema, a na uku ta haye. Da takardar aiki ta zo, muka shirya ta riga mu tafiya, in ta samu muhalli sai ni da yara mu nemi biza a ƙarƙashin tata.

Ba ta yi mako da tafiya ba magana ta zaga unguwa. A majalisarmu ta ƙofar shagon mai walda aka raɗa mini suna mijin Hajiya. Wani ya ce in fara koyon goyo tun yanzu, wani ya tambaye ni ko a cikin akwati za a aiko a ɗauke ni. Na yi ta dariya tare da su, har ranar da Baffa ya aiko kirana. Ƙanin mahaifina ne, shi ya tsaya mana tun rasuwarsa, kuma ban taɓa mayar masa da magana ba.

Na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Na ji ka bar mace ta tsallaka teku ita kaɗai, wai kuma kai za ka bi ta a baya kamar jela. A gidanmu mace ke bin miji."

Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, da yardata ta tafi. Da ni aka ba aikin, da ita za ta biyo ni, ba wanda zai ce uffan."

"To ai shi ne daidai."

"Ita ta yi karatun, ita ta ci jarrabawar. In na hana ta, in ce mata don me? Don kada a yi mini dariya a shagon walda?"

Yana jan carbi bai dube ni ba, ya ce, "Tashi ka je, duniya ce." Na fito, ban ji na yi laifi ba.

Abin da ya fi gorin mutane wahalar da ni shi ne takarda. Nema na farko aka hana mu biza. An ɗaura aurenmu a masallaci kamar na kowa, da waliyyai da shaidu da goro, ba wanda ya rubuta komai. Sai da tafiya ta taso muka je muka yi rajista, don haka satifiket ɗin ya nuna kamar jiya muka yi aure, ga shi kuma babbar 'yarmu tana aji huɗu na firamare. Sunan mahaifina ma iri uku yake a takarduna, fasfo da nasa rubutun, takardar makaranta da nata, ta haihuwar yara da nata. A wurinmu duk mutum ɗaya ne. Wanda ke duba fayil a can bai san haka ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Aka haɗa ni da wani mutum mai ofis a GRA, wai ya san kan harkar. Ya jujjuya takarduna ya yi murmushi. "Malam, wannan ƙaramin aiki ne. Za mu yi maka satifiket mai tsohon kwanan wata, mu haɗa hotunan biki, ba mai ganewa."

Na ce, "Aurena na gaskiya ne. Don me zan yi masa shaidar zur?"

"Gaskiyar da ba ta da hatimi, a can ƙarya ce sunanta."

Na tattara takarduna na fita. Na san in aka kama jabu ba ni kaɗai zan sha ba, aikin da matata ta wahala a kai ma zai iya salwanta. Na koma na bi doguwar hanya. Na je kotu na yi rantsuwa cewa sunayen uku na mutum ɗaya ne. Limamin da ya ɗaura auren yana raye, ya rubuta mini shaida ya sa hannu. Ƙanwata ta tono kundin hotunan bikinmu daga ƙasan gado, gara ta ci gefensa amma fuskoki suna nan. Na haɗa katin asibitin haihuwar yara da sakamakon makarantarsu, duk inda sunana da nata suka fito tare. Na zauna na rubuta wasiƙa shafi ɗaya na bayyana yadda ake aure a garinmu da dalilin jinkirin rajista, ba ado ba roƙo. Bayan 'yan makonni biza ta fito.

Wata goma sha huɗu muka yi ba mu ga juna ba, kuma waya ta kusa raba mu. In kira ta tana tsakiyar aiki ba ta ɗauka ba, in yi fushi. Ta kira ina cikin bas ɗin Gubi ba na ji, ta ce na canza. Sai da muka tsayar da lokaci ɗaya, bayan sallar asuba, sannan muka daina faɗa a kan abin da ba faɗa ba.

A filin jirgi na ga ta rame. Gidan ɗaki biyu ne a saman wani shago, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. Awa goma sha biyu take yi a tsaye, ta dawo ƙafafu a kumbure. Ni da ban iya komai ba sai shayi da taliya, na wayi gari ni ke kai yara makaranta, ni ke tuƙa tuwo. Tuwona na farko gudaji ne zalla, ƙaramar ta duba ta ce, "Abba, wannan ba irin na Umma ba ne." Ta waya ƙanwata ta koya mini kitso, ina riƙe da kan yarinya tana ihu, ita kuma tana dariya daga Bauchi. Takardar karatuna ba su karɓe ta kai tsaye ba, sai na yi wani kwas. Kafin nan na kama aiki a wani sito ina ɗaga kwalaye.

A nan ne girman kan da nake zaton na baro a gida ya taso. Wata rana matata ta dawo ta tarar ban kwashe kaya daga injin wanki ba, ta ce, "Abban yara, wannan ɗin ma sai na zo na yi?"

Na ce, "Ba ɗan aikinki ba ne ni. Don kin kawo ni ba ki saye ni ba."

Ta ajiye jaka ta zauna a hannun kujera, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce, "Kai ka tsaya gaban Baffa saboda ni, ban manta ba. Amma yau wata tsohuwa ta mutu a hannuna, kuma gobe ƙarfe bakwai zan koma. Ban taɓa cewa na kawo ka ba. Kai kake faɗa wa kanka."

Gaskiya ta faɗa. Ranar Lahadi muka zauna muka raba komai a fili: wa ke girki a wace rana, wa ke zuwa taron makaranta, wane kwana zan keɓe don karatun kwas ba mai taɓa ni. Muka yi alkawari kada wani ya kai ƙarar wani gida ta waya, domin mutanen gida za su yanke hukunci da ma'aunin rayuwar da ba ita muke yi ba. Na gama kwas ɗin a shekara ta biyu, yanzu ina ɗakin gwaje-gwajen wani asibiti, tafiyar bas ɗaya daga nata.

Kwanan baya wani tsohon abokin aikina na Gubi ya kira ni. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya rage murya ya ce matarsa ta samu aiki a waje, yana son shawara, amma don Allah kada kowa ya ji.

Na ce masa ya fara da jera takardunsa a tabarma ya duba harafi da harafi, ya gyara kowane saɓani kafin ya cika fom. Kada ya bari kowa ya ƙera masa hujja, ko da kyauta ne. Ya karanta kowane layi da idonsa kafin ya sa hannu. Ya shiga madafa tun yana Bauchi, ya koyi miya biyu ko uku. Ya shirya ransa cewa shekarar farko zai yi aikin da bai kai matsayinsa ba, kuma hakan ba ya rage wa mutum komai.

Ya ce, "To mutane fa? Me zan ce musu?"

Na ce, "Ka ce matarka ta samu aiki, za ka bi ta. In kana jin kunyar faɗar haka a Bauchi, kunyar za ta hau jirgi tare da kai, kuma a kan matarka za ka sauke ta."

Sai ya tambaye ni a wace kotu na yi rantsuwar suna, na kwatanta masa.