Insha'in Zuma da Na Ɗora a Bulog

Akwai abubuwa da yawa da suka faru da ni a shekarun da na yi ina koyarwa a Birnin Gwari, amma batun insha'in zuma ba zan taɓa mantawa da shi ba.

A lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandare. Rashin tsaro ya sa yau a buɗe makaranta gobe a rufe, ɗalibai kuma sun watse, wasu Kaduna, wasu Zariya. Sai na buɗe bulog, wato shafin intanet da mutum ke zuba rubutunsa kowa ya karanta. Nakan ɗora darasi, waɗanda suka yi nisa su duba a wayar iyayensu. Daga baya na fara ɗora insha'in da ya fi kyau a kowane mako, don yara su yi gasa. Masu karatun ba su da yawa, amma ni ina jin kaina kamar editan jarida.

Wani mako na ce su rubuta sana'ar iyayensu. Wata yarinya 'yar ƙauyen Kusasu, wadda ke zaune wurin gwaggonta a cikin gari, ta rubuta a kan mahaifinta mai kiwon zuma. Yarinyar ta bi duk abin da na koya musu. Na ce mai insha'i ya faɗi wane ne, a ina, yaushe, kuma ta yaya, ita kuwa ba ta bar ko ɗaya ba. Ta faɗi inda amyoyinsa suke rataye a bakin daji, da ranar da yake zuwa duba su, da cewa shi kaɗai yake tafiya a kan babur. Har shanunsa na huɗa ta ambata. Na karanta, na gyara mata waƙafi biyu, na ɗora da hanzari.

Kashegari sharhi ya fara shigowa. Wata mata daga Kaduna ta ce ita ma 'yar yankin ce, rabonta da zumar gida tun da suka yi gudun hijira. Wasu suka tambayi yadda za su saya. Can ƙasa kuma wani da bai sa suna ba ya rubuta, "Ta wace hanya yake bi?" Na ɗauka mai saye ne. Saura kaɗan in tambayo masa.

Bayan kwana uku ina cikin aji aka ce ina da baƙo. Dattijo ne siriri, yana tsaye a gindin darbejiya riƙe da hularsa. Muka gaisa sosai, ya tambayi iyali da aiki, sannan ya ce shi ne mahaifin yarinyar. Wani mai shayi ne ya karanta masa rubutun a kasuwa, a gaban jama'a.

"Malam, an ce kai ka sa ni a waya," in ji shi, ko murya bai ɗaga ba. "Ka faɗi rana, ka faɗi wuri. Na zo in ji ko akwai abin da ya rage in ƙara maka."

Na tsaya da alli a hannu. A garin da mutum ke ɓoye ranar tafiyarsa ko ga maƙwabcinsa saboda masu kai wa 'yan daji rahoto, ni na buga ta dattijon nan ga duniya, har da gyaran waƙafi. Sai a lokacin tambayar marar sunan nan ta faɗo mini. Na gaya masa ita, don ba zan iya ɓoyewa ba. Ya gyaɗa kai kawai.

Na ciro waya zan goge, babu sabis. Na ari babur na yi ta zagaye gari ina ɗaga waya sama, har na samu sanda ɗaya ta sabis a kan wani tudu. Nan na goge rubutun. Amma na san gogewa ba ta cire shi daga kan wanda ya riga ya karanta.

Dattijon bai sake taka bakin dajin ba a kakar nan. Zumar ta nuna a amya ba mai ɗiba. Yarinyar ta daina ɗaga hannu a aji, tana ganin laifinta ne, sai da na tsaya gaban 'yan ajin na ce nawa ne. Wanda ya yi tambayar kuwa har yau ban san ko wane ne ba. Wataƙila mai son zuma ne, wataƙila ba shi ba ne.

Na je har Kusasu na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, ya sa aka kawo mini fura. Da zan tafi ya tambaye ni ko da gaske matar Kaduna, wadda mai shayi ya karanta masa sharhinta, na son zuma. Ashe ya sake rataye wasu amyoyi a bayan gida. Ya ce in rubuta a wayar, amma shi zai faɗi abin da za a sa. Na gyara zama da biro, ina jiran dogon bayani.

"Rubuta: akwai zuma mai kyau, a tambayi Malam."

Na ce, "Shi ke nan, Baba?"

"Ya ma yi yawa."

Haka na ɗora. Da zumar ta samu, direbobi suka riƙa kai wa 'yan gudun hijirarmu a Kaduna, har yanzu kuma suna saye.

Abin da na koya shi ne, rubutu ya yi kyau daban, ya dace a yaɗa shi daban. Tun daga ranar, ba na ɗora labarin kowa sai na karanta masa a kunnensa ya ce ya yarda.