Karatun Ɓarar Gyaɗa a Gidan Inna Hajo

Gyaɗar iri ba a kai ta inji. Inji yana fasa ƙwaya, ya kuje mata jar rigarta, in an shuka ba ta fita da kyau. Shi ya sa duk bazara, da an gama sharar gona ana jiran ruwa, manoman unguwarmu a Malumfashi sukan kawo buhunansu gidan Inna Hajo, mata su taru ƙarƙashin mangwaron tsakar gidanta su ɓare da hannu. Aiki ne mai cin yatsa, ga gundura. Inna Hajo ba ta ɓara. Ita karatu take yi musu.

Ta haura shekara sittin. A Danja aka haife ta, a gidan makaɗa: kakanta da mahaifinta duk kotso suka kaɗa wa masu sarauta. Ba a sa ta makaranta ba. Sai da ta haifi 'ya'ya huɗu sannan ta shiga ajin yaƙi da jahilci, mijinta Malam Manu tela yana yi mata dariya, yana kuma fiƙe mata fensir da rezar ɗinkinsa. Ya rasu shekara tara da suka wuce. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, shi ya sa kowane littafi a ɗakinta yake da tabon mai a gefen shafi.

In kaka ta wuce, wani direba mai zirga-zirgar Funtua yakan kawo mata littattafai a leda, sababbi da waɗanda suka sha hannu. Takan karance su ita kaɗai cikin rani, ta zaɓi uku na bazara. Tana da sharuɗɗanta. Labarin ya zama na zamanin da. Ya zama da kiɗa a ciki. Kada a sami abin da suruka ba za ta iya ji ba a gaban matar ɗanta, tunda tabarma ɗaya suke zama. Sannan marubucin ya san abin da yake faɗa. Akwai wani littafi da kowa yake yabo, ta kai shafi na ashirin ta tarar an sa makaɗi ya ɗauki sanda yana dukan kotso. Ta rufe shi, ta mayar da shi murfin tulu.

“Kotso da hannu ake lallashinsa,” in ji ta. “Wanda bai san wannan ba, me zai gaya mini a kan soyayya?”

Bana ta zaɓi labarin ɗan mai algaita da ya so 'yar masu rini, da wani na tambarin gari da aka sace ana gobe naɗin sarauta. Na uku, wanda matan suke kira littafin mai kotso, shi ne dalilin wannan rubutu nawa.

Ni ban je gidan don son karatu ba. Wata uku kafin nan, ina dawowa daga karɓo takardar kammala jami'a, 'yan bindiga suka tare motarmu da rana tsaka. Na faɗa wani kwazazzabo na kwanta har suka tafi. Sun tafi da mutum biyar, daga baya aka sako huɗu. Na biyar shi ne Jibo, ɗan ƙauyen su mahaifiyata, mai sayar da masara. Sau biyu aka kira 'yan'uwansa, daga nan waya ta mutu. Tun ranar ban cika fita ba. Ko ƙarar babur na ji sai in rufe ƙofa. Mahaifiyata ce ta gaji da ganina a ɗaki ta ce in je ko yatsuna sa sami abin yi.

“Ga 'yar jami'a,” in ji Zaituna, maƙwabciyar Inna Hajo, wadda bakinta ba ya hutu. “A kawo kujera, kada digiri ya taɓa ƙasa.”

“Rabu da ita, Bushra. Ita ko sunanta ba ta iya rubutawa, sai ta dangwala yatsa kamar mai ɗanɗana miya,” in ji Inna Hajo. Ta nuna mini wuri jikin katanga, inda bayana zai jingina, idona kuma yana ganin zaure. Ban gaya mata haka nake so ba.

Labarin mai kotso ya faru ne lokacin da jirgin ƙasa ya fara zuwa Funtua ɗaukar auduga. Makaɗin wani dagaci ya fita da safe sayen fata, da kotsonsa a rataye, bai dawo ba. Aka tsinci hularsa kusa da wurin awon auduga. Wasu suka zargi akawun awo, wasu suka ce jirgi ya bi ya gudu. Matarsa ta ƙi yarda. Ta shiga bin kasuwanni da gidajen suna tana kasa kunne, don ta san muryar kotson mijinta kamar yadda uwa take sanin kukan ɗanta.

Mun yi kwana biyu da fara shi Raudatu ta zo. Ita ce matar Jibo. An dawo da ita gari gidan yayan mijinta, da 'ya'ya uku. Ta yi sallama, ta ja faifai ta zauna. Ni na sunkuyar da kai, don tun da abin ya faru nake kauce mata. Inna Hajo ta dube ta ta saman tabarau, ta dubi littafin. Sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya, don an riga an yi nisa, kuma rufewa a lokacin zai fi karatun tona asiri.

Kafin la'asar hannun Raudatu ya tsaya cak a cikin gyaɗa.

“Inna, za ta gan shi?”

“Ba a tambayar mai karatu, 'yar nan. Ɓare gyaɗarki.”

Washegari ita ta riga kowa zuwa. Ta share gindin mangwaron, ta shimfiɗa tabarmi. Da aka kai inda matar ta ji wani kiɗa daga nesa ta yar da tulunta ta bi, Raudatu ta yi dariya, dariyar da aka ce ba ta yi ba tun cikin sanyi. Ta ce, “Wallahi raina ya ba ni, in aka ga wannan bawan Allah, to Baban Zaharaddeen ma yana nan tafe.” Jibo take nufi. Mata suka ce in sha Allahu. Zaituna ta ce ai alama ce. Inna Hajo ta lashi yatsa ta juya shafi.

Da ta shiga sallah ta bar littafin a kan kujera, na buɗe ƙarshensa. Ba mijin ne yake kaɗa kotson da matar ta ji ba, ɗan amshinsa ne. Shi ya kashe shi saboda yana son gadon kiɗan, ya jefa gawar a wata tsohuwar rijiya.

Na jira kowa ya watse, na same ta tana tace mai.

“Inna, ki canza ƙarshen nan. Shafi huɗu ne kawai. Ni zan rubuta miki wani, ki saka a tsakiya ki karanta. A ce ɗan amshin ɓoye shi ya yi. Babu wadda za ta sani.”

“Kin leƙa ke nan. Abin da aka koya muku a jami'ar ke nan, buɗe tukunya kafin a sauke?”

“Inna, ba wasa nake ba. In ta ji an same shi a rijiya…”

Ta ajiye matacin, ta goge hannu da zaninta. “Kina tsammani ban yi tunani ba? Jiya har na ɗauki kwalbar mai zan tuntsurar a kan littafin in ce tsautsayi ne. Amma ji nan. Babana yana wasa mutum har ya kai shi sama, ya ce da mai tunkiya biyu mai garke. Wannan kowa ya san kiɗa ne. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya kaɗa wa mutum taken da ba nasa ba. Yarinyar nan ta rataya ranta a jikin littafin nan. In na ƙara mata igiyar ƙarya, ranar da ta tsinke ni na kayar da ita.”

“To ki daina karanta shi.”

“Sai ta ce me na gani a ciki? Raudatu ba yarinya ba ce.”

Duk da wannan magana, kwana biyu Inna Hajo tana jan ƙafa. Ta karanta shafi ɗaya, ta cire tabarau ta shiga bayanin yadda ake jeme fatar kotso, da yadda mahaifinta yake shanya shi a hantsi kafin ya fita. Ta ba da labarin ranar da akuya ta cinye masa fata ana saura kwana ɗaya biki. Mata suna dariya, amma Zaituna ta gano ta.

“Inna, yau karatun tafiyar hawainiya yake yi. Ko tabaraun ne ya tsufa? Buhu ɗaya ya rage fa, ga hadari ya fara leƙowa gabas. In ruwa ya sauka kowa gona zai nufa, ki bar mu da mutum a ɓace har baɗi.”

Gaskiya ta faɗa. Ranar da aka yi ruwan shuka, ranar ake naɗe tabarmin gidan Inna Hajo.

Washegari da safe, wajen ƙarfe tara, ta aiko a kira ni. Na same ta ta yafa mayafi. “Zo ki raka ni. Ke kika leƙa, ke za ki tsaya kusa.” Ban so ba. Amma na bi ta.

Mun tarar da Raudatu tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Ta rasa inda za ta sa mu, ta kawo tabarma, ta kawo ruwa. Bayan gaisuwa Inna Hajo ta ce, “Shekara ashirin da wani abu ina karatun nan, ban taɓa gaya wa kowa ƙarshen labari ba. Yau zan gaya miki, don kada ki ji shi a cikin mutane. Mai kotson nan ba a same shi da rai ba. Tun ranar da ya fita aka kashe shi, aka jefa gawar a rijiya. Na zaɓi littafin tun kafin in san za ki zauna a tabarmata, ki yafe mini. Kuma wanda ya rubuta shi bai san mijinki ba, bai san komai a kansa ba. Allah kaɗai ya sani.”

Raudatu ta ajiye rariyar. Ta daɗe tana kallon garin da ke cikin kwarya.

“Ita matar ta gano?”

“Ta gano. Da kunnenta ta kama wanda ya yi.”

“An yi masa sutura?”

“An yi masa. Ta san inda kabarinsa yake.”

Ta gyaɗa kai. Hawaye ya zubo, ta share da bayan hannu, gari ya ɓata mata kunci. “Inna, na san littafi ne. Ban haukace ba. Kawai dai a gidan nan ba mai ambatonsa, kowa tsoron kukana yake ji. A wurinki ne kaɗai nake jin ana neman mutum.” Ta juyo gare ni. “Ke ma, Bushra, ki daina sunkuyar da kai in kin gan ni. Ba ke kika tare hanya ba.”

Inna Hajo ta ce, “In kin ce a bari, yau zan ɗauko wani. In kin ce a karanta ba kya nan, haka za a yi.”

“A karanta ina nan. Na bi matar nan kasuwa bakwai, ba zan bar ta a bakin rijiya ita kaɗai ba.”

Da azahar aka taru a kan buhun ƙarshe. Iska ta tsaya, ganyen mangwaro ko motsi. Inna Hajo ta karanta ba tsayawa, ba bayani, ba ta tsallake layi ko ɗaya ba. Da aka zo inda matar ta tsaya a gaban dagaci ta ce a sa ɗan amshin ya kaɗa, kowa ya ji ko kotson wa ke hannunsa, Zaituna ta buga cinya.

“Tun farko na ce shi ne! Mutumin da ya fi mai gawa kuka?”

“Akawu kika ce,” in ji Raudatu. “Sau uku kina rantsuwa.”

“To ai duk ɗaya ne, shi ma akawun ba mutumin kirki ba ne.”

Aka yi 'yar dariya, sannan aka zo rijiyar, wuri ya yi tsit sai ƙarar ɓawo. Mata suna satar kallon Raudatu. Ita kuwa tana ɓara, hawaye yana sauka, ba ta share ba, ba ta kuma tashi ba, har aka rufe littafin. Ta ce, “Allah ya jiƙansa, ko da na littafi ne.” Aka ce amin. Ta juye ƙwayarta a buhu, ta karkaɗe zani, ta yi sallama da kowa da sunanta ta tafi.

Har yanzu da nake rubuta wannan babu labarin Jibo.

Bayan an watse na ga Inna Hajo tana ƙoƙarin mayar da tabarau cikin gidansa, sau biyu yana ƙin shiga. Na karɓa na saka mata.

“Miƙo mini ruwa, Bushra,” in ji ta. “Maƙogwarona ya bushe.”