Iyon Ƙarya a Gaɓar Itapagipe

Haƙorana sun zube, idona ya soma hazo, jikokina ma sai na kira suna uku kafin in dace da wanda nake nufi. Amma akwai wata safiyar Lahadi a gaɓar Itapagipe da ba za ta fita daga raina ba har a rufe ni da ƙasa. Ranar ce ƙaryata ta kusa sa a kori matar da ta fi kowa yi mini alheri daga ƙasar Bahia, inda aka haife ni, can ƙetaren teku.

Gwaggo muke ce mata, ko da yake ba mu haɗa jini ba. 'Yar masunta ce daga bakin kogin Kwara, aka kawo ta a jirgin bayi tana budurwa, ta sha wankau shekara da shekaru kafin ta sami 'yancinta. Doguwa ce, damtsenta kamar na maƙeri, ga murya. Wata rana kwalekwale ya kife a gabanta da mata masu sayar da kifi. Maza suka yi iyo suka fita, matan suka nutse da zannuwansu. Tun daga ranar ta sha alwashin duk 'ya macen da ta shigo hannunta sai ta iya gudu, ta iya tsalle, ta iya ruwa. Kowace Lahadi takan tara mu, 'ya'yan Hausawa da na Yarabawa, mu yi tsere, mu yi langa da kokawa a kan rairayi, sannan mu faɗa ruwa.

Dattawanmu na unguwar Barroquinha ba su so abin ba. Da kunnena na ji wani tsohon tela ya tare ta yana cewa, "Haba, baiwar Allah, 'yan mata da gudu a bainar jama'a, ina kunya?"

Ta ce, "Malam, ranar da kwalekwalen nan ya kife, kunyar ba ta fito da ko mace ɗaya ba."

Ni a lokacin shekarata goma sha uku, babu mai kama ni a tsere, kuma bakina ba ya shiru a kan haka. Sai dai ruwa nake tsoro, tsoro na fitar hankali, girman kai kuma ya hana ni faɗa. Sai na samo dabara. In an shiga, sai in tsaya inda ruwan ya kai mini ƙugu, in durƙusa har ya zo wuya, in riƙa wurga hannuwa ina takawa a ƙasa. Wata shida ina wannan iyon ƙarya, har da yi wa masu shan ruwa dariya. Allah ya yafe mini.

Akwai abin da mu duka ba mu lura da shi ba. Gwaggo ba ta san wata hanyar jera mutane ba sai ta sahu. "Kafaɗa da kafaɗa," take cewa, sai ta tsaya a gabanmu. Muna fuskantar ruwa, ruwan kuma a wannan gefen yana gabas. Zannuwanmu na shiga ruwa duk farin alawayyo ne. Mu ɗaga hannu tare, mu sunkuya tare, mu kwanta rub da ciki muna koyon bugun ruwa, tana ƙirga mana da Hausa. Alhali tun tawayen bayi Musulmi da aka murƙushe a unguwar Água de Meninos kafin a haife ni, babu abin da hukuma ta tsana kamar ta ga baƙar fata cikin fararen kaya sun yi sahu. Wanda aka haifa a Afirka kuwa, irin Gwaggo, ko 'yantacce ne, in aka zarge shi, bulala ce sannan a jefa shi jirgi a fitar da shi daga ƙasar.

Muna sunkuye muka ji takun dawakai. Sojan doki biyar ne, da hafsansu mai jan gemu. Kafin mu miƙe sun kewaye mu, ɗaya ya diro ya ɗaure hannuwan Gwaggo da igiya. Hafsan ya ce da yarensu an kai ƙara cewa wata 'yar Afirka tana jan salla a fili, tana kuma horar da yara.

Gwaggo ta ce, "Ranka ya daɗe, iyo nake koya musu."

Ya yi dariya, sojojinsa suka taya shi. Ya ce shi bai taɓa ganin macen da ta iya iyo ba. Sai ya nuna wani kwalekwalen masunta da ke tsaye can cikin ruwa, ya ce, "Zan zaɓi ɗaya. In ta taɓo shi ta dawo, na yarda. In ta kasa, ke za ki bi mu."

Na ja da baya na laɓe a bayan wata doguwa. Wannan laɓewar ce ta tona ni, domin bulalar da yake nuni da ita a kaina ta tsaya. Doguwar ta ce ita za ta je, ya daka mata tsawa. Na matsa kusa da Gwaggo kamar mai gyara ɗamara, na ce da Hausa, murya ƙasa-ƙasa, "Gwaggo, ban iya ba. Takawa nake yi a ƙasa."

Ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Na sani, 'yata. Ai kullum ina ganin laka tana tashi a bayanki. Hannuwanki sun iya, wata shida suna yi. Ƙafafun ne ba ki taɓa ɗagawa ba." Ta ƙara da cewa, "In kin ji ba za ki iya ba, faɗa yanzu in bi su. Ban tara ku don in ba ruwa ɗayarku ba."

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na dubi igiyar da ta soma cin fatar hannunta, na yi bisimilla a zuci, na shiga.

Ruwa ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, ya kai haɓa. Na ƙara taku ɗaya, sai na ji babu ƙasa. Wallahi ban san lokacin da na nutse ba. Gishiri ya cika mini hanci da baki, na taso ina fafutuka, na sake komawa. Da na taso karo na biyu sai na ji muryar nan tata daga gaɓa: "Ɗaya. Biyu. Numfasa." Daidai yadda take ƙirgawa kullum, babu sauri, babu rawar murya. Hannuwana suka bi ƙirgan da kansu. Na saki ƙafafuna suka tashi, na soma bugawa. Sai na ji sauran 'yan matan sun kama ƙirgan tare da ita, har Yarabawan da ba su iya wata Hausa ba sai wannan.

Da na cafki gefen kwalekwalen, na rantse ba zan sake shi ba. Tsohon masuncin da ke ciki ya miƙo hannu ya ce in hau ya mayar da ni. Raina ya so, ba zan ɓoye ba. Na waiwaya, na hango Gwaggo tsakanin dawakai, soja riƙe da bakin igiyarta. In na hau jirgin nan, ita ma jirgi za ta hau. Na fashe da kuka, na saki katakon.

Dawowar ta fi tafiyar wuya. Kafaɗuna suka mutu, zanena ya riƙa naɗe mini ƙafa, ƙirgan kaɗai nake bi. Sai da gwiwata ta gurji rairayi na san na iso. Na rarrafo na yi ta aman ruwan gishiri a gaban kofaton dokin hafsan. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a kwance ta. Ya yi kashedi kada ya sake ganin sahu ko fararen kaya a wurin, suka kaɗa dawakai suka tafi.

Na sa ran mari. Sai Gwaggo ta durƙusa ta rungume ni, na ji duk jikinta yana ɓari, ita da muryarta ba ta girgiza ba ko sau ɗaya. Ta ce, "Laifina ne. Na ga kina yi, na ce bari ki faɗa da bakinki. Saura kaɗan in kashe ki da kawaici."

Lahadin da ta biyo da zannuwa rinannu muka zo, muka yi da'ira maimakon sahu. Bayan rasuwar Gwaggo ni na ci gaba da tara 'yan matan, kuma ranar farko nakan kai kowace yarinya inda ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, tafina a ƙarƙashin cikinta. Abin da safiyar nan ta koya mini shi ne, in ba ki iya abu ba ki faɗa tun ruwan yana ƙugu. Na ɗauka ƙaryata ni kaɗai ta shafa, sai ga shi ranar da ta tashi kama mutum, a hannun Gwaggo aka ɗaura igiyar.