Ranar da Baba Ya Auna Hanyar Juma'a da Tayar Keke

Shekarun baya, ina sabon malamin firamare, ɗanye shakaf daga kwaleji, na taɓa yunƙurin yi wa mahaifina wayo da ilimin kimiyya. Har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, daga baya kuma kewarsa ta biyo.

Ƙauyenmu yana yankin Kara ne a ƙasar Gwarzo, ni kuma an tura ni koyarwa can wajen Dugabau, ɓangaren Kabo, sai hutu nake dawowa gida in daɗe. A lokacin ba mu da masallacin Juma'a. Duk sati sai gari ya kwashi jiki zuwa garin da ke maƙwabtaka da mu, matasa a keke da babur, tsofaffi kuwa a ƙafa, ta wata 'yar hanya da ta ratsa gonaki ta tsallaka rafi. Baba shi ne limamin salloli biyar na ƙauyen, kuma gwiwoyinsa sun fara ba shi wahala. Tun da wani ɗan acaɓa ya taɓa zubar da shi a kwalbati ya ce shi da babur haihata-haihata, don haka da sandarsa yake tafiya.

A wannan shekarar mutanen gari suka nemi izinin tsayar da Juma'arsu. Hakimi ya tara malamai, suka ce sharaɗi ɗaya ne: in tsakaninmu da masallacin da muke zuwa ya wuce mil uku irin na littattafan fiƙihu, wato kilomita biyar da rabi a lissafin zamani, to Bismillah. Suka kuma ce ba sai an turo kowa ya duba ba, Malam, wato Baba, ya auna ya rubuto da hannunsa, abin da ya rubuta shi ke nan. Kowa kuwa ya san in aka samu izinin, Baba ne zai hau mumbari.

Sai rigimar awo ta taso. Lokacin babu wayar da ke nuna taswira, baburan garin kuma babu mai mita mai rai ko ɗaya. Wani ya ce a ƙirga da taku, aka tambaye shi takun wa, na dagaci dogo ko na ladan gajere? Nan na miƙe ina gyara wuyan riga, don satin da za a yi hutu na gama koya wa 'yan aji biyar awon nisa, ilimin yana ta yi mini ƙaiƙayi. Na ce tayar keke in ta juya sau ɗaya, ƙasar da ta ci daidai take da tsawon kewayenta. A auna kewayen, a ƙirga juyin, a ninka, magana ta ƙare. Na zagaye tayar gaban kekena da zare, na miƙar da shi a kan tef ɗin tela, ya ba ni mita biyu da santimita ashirin. Ke nan juyi dubu biyu da ɗari biyar muke nema. Na ɗaura jan ƙyalle a jikin tayar, duk sanda ya taɓa ƙasa, ɗaya ke nan. Ranar har waɗanda ke kirana ɗan boko da gatse sun ce mini Malam.

Washegari muka tura keken ni da wani abokina. Da muka iso mararraba, inda hanyar ƙafa ta rabu da titin mota, sai ya riƙe mini kan keken.

"Kai dai kana da ilimi amma ba ka da wayo," in ji shi. "An ce a auna hanya, wa ya ce maka wacce? Dubi tsohonka yadda yake jan ƙafa."

Titin mota sai ya yi kwana ya bi ta gada kafin ya shiga garin, kowa ya san ya fi tsawo. Ba zan ɗora wa abokina laifin duka ba, don kafin ya rufe baki ni na riga na karkata keken. Muka samu juyi dubu biyu da ɗari bakwai da arba'in. Kafin la'asar labari ya gama gari. Samari suka fara kwaɓa ƙasar tubali, mahaifiyata ta ciro babban rawanin Baba daga adaka ta bayar a wanko.

Na sami Baba a zaure kan buzunsa, takarda da tawada a gabansa. Ya ce in yi masa bayanin daga farko. Na yi, yana sauraro kamar ɗalibin da ya zo ɗaukar karatu, har ya sa na maimaita wajen ninkawar. Ya ce kai, wannan hikima ce, Allah Ya yi wa wanda ya fara gano ta rahama in Musulmi ne. Ina cikin fasa kai sai ya ce, "To in iskar tayar ta ragu a hanya fa?"

Shekara uku a kwaleji babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Shi ya ba kansa amsa: in taya ta yi laushi za ta kwanta, kewayenta ya ragu, juyin ya ƙaru, sai a ga hanya ta yi tsawon da ba ta da shi. Mutumin da bai taɓa zama a bencin makarantar boko ba ke nan.

Sannan ya tsoma alƙalami a tawada, bai ɗago ba ya ce, "Wace hanya kuka bi?"

"Ta gada, Baba."

Ya ajiye alƙalamin. "Ni kuwa shekara arba'in ban taɓa zuwa Juma'a ta gada ba."

Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Da gari ya waye, bayan ya sallami masu ɗaukar karatu, ya ce in fito da keken. Ya sa na cika tayar da iska tam. Zaren ma bai yarda da shi ba, wai zare yana miƙewa in an ja shi. Ya sa na yi alama da gawayi a taya da ƙasa, na tura ta juya sau ɗaya, aka auna tsakanin alamun biyu, sau uku. Da awon ya fito daidai da nawa, sai ya gyaɗa kai. Daga ƙofar masallacinmu muka fara, ni ina tura keke, shi yana gefe da sanda a hannun hagu, carbi a dama. Duk sanda ƙyallen ya taɓa ƙasa ya ja ƙwaya ɗaya. In carbin ya zagayo ɗari, ya tsinci tsakuwa ya jefa a aljihu.

Kada ku ɗauka na tuba. Da muka shiga cikin gonaki na fara ɗan karkata keken, nan in kauce wa kututture, can in zagaye ramin da babu shi, ko Allah zai sa a samu ƙarin juyi goma. Baba ya ce, idonsa na kan tayar, "Miƙe mini ita, bar tafiyar macijin nan." Mutanen da muka gamu da su suna gaishe shi, sai dai ya ɗaga musu sanda, don kada lissafi ya ɓace. Sau uku gwiwa tana tsayar da shi. Kowane zama sai ya ja layi a ƙasa daidai inda tayar ta tsaya, ya danne ƙwayar carbin da babban yatsa har ya huta. A gangaren rafi na ji yana nishi, na ce ya zauna ni in ƙarasa. Ya ce wanda zai sa hannu shi ke ƙirgawa.

Rana ta take tsaka muka isa ƙofar masallacin Juma'ar. Ya zauna a inuwa ya zazzage aljihunsa a kan rigarsa. Tsakuwa ashirin da uku, da ƙwaya goma a carbi. Juyi dubu biyu da ɗari uku da goma. Saura ɗari da casa'in, abin da bai fi mita ɗari huɗu da 'yan kai ba, tafiyar da yaro zai yi da gudu kafin shayi ya huce.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Baba, don Allah ɗari da casa'in fa. Titin ma hanya ce, ba ƙarya muka yi ba. Babu mai zuwa ya duba. Ku dubi ƙafarku."

Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Sannan ya ce, "Saboda babu mai zuwa ya duba ɗin ne ai. Kai kana so in hau mumbari duk Juma'a in ce wa mutane su ji tsoron Allah, alhali na san ta gada na biyo na hau shi?"

Da yamma ya faɗa wa jama'a a masallaci, ya rubuta adadin a gabansu. Abin da ban taɓa mantawa ba, bai tona ni ba. Cewa ya yi yaron ya auna hanyar mota, shi kuma ya auna wadda ake bi, dabarar duk ta yaron ce, kuma dabara ce mai kyau. Wani dattijo ya ce, "Malam, ka kashe mu da tafiya." Baba ya ce, "Tare za mu yi ta, Alhaji, kuma tawa ƙafar ta fi taka ciwo." Akwai waɗanda suka yi wata guda suna gaishe shi sama-sama. Ƙasar tubalin ta bushe a inda aka kwaɓa ta. Mahaifiyata ta linke rawanin ta mayar adaka, abin da ta ce kawai shi ne, "Ai na san za a rina."

Yanzu na fi shekara ashirin ina koyar da darasin nan na awon nisa, kuma na san in nuna wa yara yadda ake riƙe tef da yadda ake ƙirga juyi. Abin da na kasa sa wa a allo shi ne wanda na gani ranar: mutum ya auna abu da kyau alhali ya san amsar za ta cuce shi. Ni na san lissafin, amma da na je aunawa abin da nake so na auno.

Baba ya ci gaba da bin hanyar gonakin nan duk Juma'a, yana fita tun hantsi don ya samu hutawa a hanya, har shekarar da ƙafar ta ƙi gaba ɗaya. Izinin ya zo daga baya, da mutane suka yi yawa masallacin can ya daina ɗaukarsu. Lokacin Baba ya shekara biyu da rasuwa. Bai taɓa yin huɗuba ko sau ɗaya ba.

Ranar Juma'ar farko na fito daga gida, kafin in gama gyara hulata na iso masallaci. Na zauna a sahu na biyu, wani almajirinsa ya hau mumbari ya ce, "Ya ku bayin Allah, ku ji tsoron Allah." Ban ji sauran huɗubar ba, kuka nake yi.