Allurar Ɗan Fari a Duvu

Hannuna ne ya so ya kore ni daga aiki lokacin da aka tura ni wani ƙaramin asibiti a Duvu. A makaranta na huda lemo ba adadi wajen koyon allura, amma ranar da aka miƙo mini cinyar jariri ta gaske, sai sirinji ya hau rawa a yatsuna. Shugabarmu, wata nas mai faɗa amma ba ta riƙo, ta ce in ban iya rigakafi ba kafin damina, za ta mayar da ni teburin yankan kati. Ni kuwa wallahi ba kati na zo yanka ba.

Iyayen yaran ne suka fi karya mini gwiwa. Mace za ta shigo da jaririnta, ina ɗauko auduga sai ta miƙa shi ga tsohuwar da ta rako ta, ta juya ta fuskanci bango. Wata ma ficewa take yi. Na ce shi ke nan, labarina ya zaga ƙauyuka, ba mai iya kallon wannan hannu ya taɓa masa ɗa. Kullum a bayan babur zuwa gida Nassarawo kuka nake haɗiyewa.

Wata ranar rigakafi haushi ya ci ni. Wata matashiya ta juya baya, sai na ajiye sirinji na ce wa tsohuwar da ke riƙe da yaron, "Inna, in ba ku yarda da ni ba ne ku faɗa, a kira muku babba."

Tsohuwar, Bafulatana ce, ta kwashe da dariya har yaron na girgiza a cinyarta. "Kai, likita! Ɗan fari ne fa. A gabana, ni surukarta, za ta tsaya tana kallonsa? Ko sunansa ba ta faɗa."

Wayyo ni! Alkunyar ɗan fari, wadda uwata ta yi wa yayana har ya tsayar da gemu, ita na kwaso na ɗora wa kaina. Tsoro ne kawai ya toshe mini kai.

"Kuma ni na ce mu bi layinki," in ji tsohuwar. "Kin fi yaran tsoron allurar, shi ya sa kike yi a hankali."

Ni ma dariyar ta kama ni. Na kama cinyar, na soka, na zare. Yaron ya tsala ihu, kakar tana masa tsiya wai ragon namiji. Hannun ya ɗan yi rawarsa, ban kula shi ba, kuma damina a ɗakin allura ta same ni.

Abin da ban manta ba shi ne fitarsu. Uwar ba ta dubi ɗanta ba, ba ta dube ni ba. Ta dai zuro hannu ta ƙarƙashin mayafi ta matse yatsuna, waɗannan masu rawar, ta wuce.